Daga Dutsen Habude Zuwa Majigi: Tarihin Zane da Wasan Yara

Duk wanda ya taɓa yin kaka a ƙauye ya san abin da yara kan yi in an girbe dawa. Sai su tsinto kara, su fere shi, su tsattsaga bayansa, su yi ta soke-soke da ɗaure-ɗaure. Kafin la'asar sai ka ga mota ta fito da ƙafafunta huɗu, har da direba da yaron mota a bisa kaya. In kuwa da damina ne, sai su kwaɓa yumɓu su gina shanu, su kafa musu ƙaho da ƙaya. Babba ya zo wucewa ya tsaya ya duba, ya ce, "Kai, ku tashi ku bar shirme!"

To, tarihin wannan shirme na ke so in ba ku, domin a wasu ƙasashe ya zama babbar sana'a, kuma mu ma muna da irinsa a gida tun kaka da kakanni. Sana'ar nan ita ce ta zane mai motsi, wanda yaran yanzu ke kira katun, watau hotunan da a ke zanawa da hannu, sa'an nan a yi musu dabara su riƙa tafiya suna magana a majigi, ko a talabijin, ko a wayar hannu. Amma kafin mu kai ga majigi sai mu fara daga kan dutse, don a nan zanen ƙasarmu ya faro.

Zanen da ke Duwatsun Birnin Kudu

In mutum ya taso daga Kano ya bi ta Wudil ya nausa kudu maso gabas, zai iske Birnin Kudu a tsakanin manyan duwatsu. Gaba da shi kuma, wajen iyakar Jihar Bauci, ga ƙasar Gwaram. A dā dukansu gundumomi ne na ƙasar Kano. Tun daga 1991, sa'ad da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, suna cikin Jigawa, kuma a yau masarautar Dutse ke riƙe da su.

A cikin duwatsun nan na Birnin Kudu akwai uku da sunansu ya kai nesa, su ne Dutsen Habude, da Dutsen Mesa, da Dutsen Murufu. A ƙarƙashin inuwarsu, inda ruwan sama ba ya dukan jikin dutse, mutanen dā sun zana shanu da jan launi da fari. Abin mamaki, shanun nan ba su da tozo. Waɗansu dogon ƙaho gare su, irin da ba a kiwonsa a ƙasar nan yanzu. Waɗansu kuwa gajeren ƙaho gare su, kamar muturu, ƙananan shanun nan da a ke samu a kudancin Nijeriya. Bafillacen yau in ya duba ba zai ga irin garkensa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana daɗewar zanen. Akwai kuma irinsa a Shira da Geji, cikin Jihar Bauci.

A 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya zo duba zanen. Yana cikin dubawa ya gane akwai wani abu kuma. Kusa da zanen akwai duwatsu waɗanda in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, kowanne da muryarsa. Jikinsu duk ya lotsa saboda yawan bugu shekara da shekaru. Ya rubuta labarinsu a 1956, masana na ƙasashe suka ji. Amma fa abin da ya zama sabo ga Bature, ga yaran garin tsohon abin wasa ne. Su ne masu kaɗa duwatsun, kuma a al'adar garin ta dā amare da ƙawayensu kan tafi gindin dutsen a lokacin biki. Fagg ya lura kuma, a wurare da dama inda a ke samun duwatsu masu amo, a kan sami wani dutse mai gangara wanda ya yi sulɓi saboda zamiyar yara.

Kun ga ke nan a wuri guda an haɗa abu uku: hoto, da kiɗa, da wasa. Ku riƙe waɗannan uku, don nan gaba za ku ga ba kome ne zane mai motsi ba face su.

Gizo da Jama'arsa

Zane a dutse yana tsaye wuri ɗaya. Abin da ke sa hoto ya yi motsi a zuciyar yaro shi ne labari, mu kuwa Allah ya hore mana tatsuniya. Da dare, bayan an ci tuwo, yara su kewaye tsohuwa, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Ba allo, ba fitila, amma kowane yaro yana ganin Gizo ƙiri-ƙiri, da wayonsa da haɗamarsa da tsamin bakinsa. Yana ganin Ƙoƙi matarsa, da Kura sarkin kwaɗayi da wauta, da Dila malamin daji, da Zaki manyan dawa, da Dodo wanda ba wanda ya taɓa gani amma kowa ya san kamanninsa. Masu sana'ar zane mai motsi su kan ce abin da ya fi wuya a aikinsu shi ne ƙago ɗan wasa wanda za a gane halinsa tun kafin ya buɗe baki. To, kakanninmu mata sun gama mana wannan aiki tuntuni.

Gizo kuma ba mu kaɗai ke da shi ba. Mutanen Asante na ƙasar Gana suna da nasu, suna ce da shi Ananse. Bayin da aka kwasa a jiragen ruwa suka tafi da labarinsa har tsibirin Jamaika, yana can har yau a bakin jikokinsu.

Turawan farko sun ga darajar tatsuniyoyinmu. Frank Edgar ya sa malamai suka rubuta masa ɗaruruwa, aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Daga baya ɗan ƙasa, Ibrahim Yaro Yahaya na Kano, ya tattara tatsuniyoyi da wasannin yara ya shirya su littafi shida domin makarantu. Saboda haka ba za a ce sun ɓace ba. Suna nan a takarda, sai dai mai tashinsu.

Kada kuma mu manta da tashe. In azumi ya kai kwana goma, yara maza su manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su ɗauki sanda suna takawa kamar tsofaffi. 'Yan mata su kwaikwayi zaman aure da kishi. Ba wanda ya rubuta musu, ba wanda ya ɗinka musu kayan wasa. Su ke duban manya, su zaɓi abin dariya a halinsu, su ƙara masa gishiri. Wannan ƙarin gishiri, a mai da babban hanci ya zama ƙato, a mai da rowa ta zama abin kallo, shi ne ainihin dabarar katun.

Hoto ya Shiga Littafi, Majigi ya Shiga Gari

Zuwan ɗab'i shi ya kawo hoto cikin karatun Hausa na boko. A Zariya, ofishin talifi da Dokta R. M. East ke shugabanta ya buga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku, daga 1937 zuwa 1939, da hotuna a ciki. A watan Janairu 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya. Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, aka buga ƙananan littattafai masu yawa domin manya masu koyon karatu. Masu shirya su sun san hoto shi ke jan mutum zuwa ga baƙi. Dattijon da bai iya haɗa baƙi da wasali ba tukuna, in ya ga hoton akuya, ya riga ya karanta rabin layin.

A wannan zamani kuma motar majigi ta riƙa zagaya garuruwa. A kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a ta da inji, a nuna hotunan tsabta da noma da allurar rigakafi, mai bayani yana fassarawa da Hausa. Manya na baya a tsaye, yara na gaba a zaune a ƙasa. Kashegari kuwa sai ka iske yaran sun samo kwali sun yanka mutum-mutumi, sun rataya tsohon zane a zaure, sun kunna aci-balbal a bayansa, suna nuna wa ƙannensu nasu majigin.

Yadda a ke sa Zane ya yi Motsi

Dabarar ba ta da wuyar ganewa, kowa na iya jarrabawa. Ka sami tsohon littafin rubutu. A kusurwar shafin farko ka zana ɗan mutum hannunsa a ƙasa. A shafi na biyu ka sāke zana shi daidai wurin, amma hannun ya ɗan ɗaga. A na uku ya ƙara ɗagawa, har shafi ashirin. Sa'an nan ka kama kusurwar da babban yatsa ka saki shafofin da sauri. Sai ka ga mutumin yana ɗaga hannu. Ba abin da ya motsa a takarda, ido ne ya kasa rarrabe hotunan saboda saurinsu, sai ya ɗinke su.

Injin silima yana wuce da hoto 24 a kowane sakan guda. Watau minti ɗaya yana cin hoto 1,440. Masu zane su kan rage wa kansu wahala su nuna kowane zane sau biyu, amma duk da haka minti ɗaya sai an yi zane 720. Kun ji dalilin da ya sa sana'ar ke bukatar haƙuri irin na mai ɗinkin babbar riga.

Wani Bafaranshe, Emile Cohl, yana cikin waɗanda suka fara. A 1908 ya yi zane wajen 700 ya fitar da wasan da bai cika minti biyu ba. Da gangan ya yi mutanensa 'yan sanda-sanda, fari a kan baƙi, kamar abin da ɗan makaranta kan zana da alli in malam ya fita. A ƙasar Jamus wata mace, Lotte Reiniger, ta ɗauki wasan inuwa irin na zaure ta mai da shi sana'a. Ta yanka mutane da dawaki da aljannu a baƙin kwali da almakashi, ta haɗa gaɓoɓinsu da waya, tana gusa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Shekara uku tana yi, a 1926 ta fitar da labarin wani ɗan sarki Ahmadu, wanda ta ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya. A Amurka kuma Walt Disney ya fito da ɓeransa Mickey Mouse da murya da kiɗa a 1928, a 1937 ya mai da wata tsohuwar tatsuniyar Jamusawa dogon wasa. Ku duba da kyau: ɓera mai magana, da tatsuniyar tsofaffi, da inuwa a jikin ƙyalle. Duk kayan yara ne, kuma a kansu aka gina kamfanonin da suka tara dukiya mai yawan gaske.

Wasu ma ba su tsaya ga tuna ƙuruciyarsu ba, wurin yaran suka koma kai tsaye. A 2009 wani mai zane a Amurka, Ethan Nicolle, ya zauna wasa da ƙanensa ɗan shekara biyar. Yaron na ƙaga labari, wan yana zanawa yadda ya faɗa. Labarin ya karɓu har aka mai da shi zane mai motsi a talabijin a 2013. Haka kuma kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, a cikin shekarun 2010, ya riƙa shirya gasar zane ta yara, ya ɗinka 'yan tsana daidai yadda waɗanda suka ci suka zana, ko da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Mustafa Alhasan na Nijar

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. Ga maƙwabcinmu nan. An haifi Mustafa Alhasan, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Moustapha Alassane, a 1942 a garin N'Dounga kusa da Yamai. Tun yana yaro ya ke yi wa tsaransa wasan inuwa da fitila, irin wanda na faɗa muku. Da ya girma ya yi kanikanci, amma bai bar zane ba. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai ɗaukar silima, ya koyi aikin kyamara. Daga nan ya tafi Kanada wurin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi.

A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, wasa na 'yan mintoci. Labarin Sim ne, shugaban jamhuriyar kwaɗi, wanda ya tafi ziyara maƙwabciyar ƙasa, aka tarye shi da faretin soja da bushe-bushe da dogayen jawabai. Yara suka yi dariyar kwaɗi, manya kuwa suka gane da wa a ke. Wannan ita ce hikimar tatsuniya tun asali: a faɗa wa mai iko gaskiya ta bakin dabba, ba a kama sunan kowa ba. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. Ya kuma yi wani mai suna Kokoa, watau kokawa, inda kwaɗo da hawainiya da sauran 'yan daji ke shiga fage, ga makaɗa, ga 'yan kallo, kamar yadda a ke yi a ƙasar Hausa bayan girbi. Ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, a nan ya kafa ɗakin aikinsa, yana yi da kayan da hannunsa ya kai gare su. Ya rasu a Wagadugu a 2015.

Bayansa wasu sun bi. A 1998 Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Gini, ya fitar da Kirikou, wanda ya gina a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, aka kalle shi a ƙasashe da yawa. A Abuja kuma Adamu Waziri ya fara Bino and Fino a 2010, don ya ga yaran Nijeriya ba su da katun mai nuna yara irinsu.

Abin da ya Rage Gare Mu

Na san akwai mai tambaya a ransa, yaya batun hoto a addini? Wannan magana ce ta malamai, sun kuwa yi bayani mai yawa a kanta, sun rarrabe tsakanin gunki, da zane a takarda, da abin wasan yara. Ya tabbata a hadisi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana, da wannan ne malamai da yawa suka kafa hujjar sauƙaƙa wa yara. Wanda ya ke da shakka sai ya tambayi malaminsa. Mu da muka yi karatun allo kuma mun san zayyana, adon nan da a ke yi wa allon mai sauka da ja da kore da rawaya. Ga zanen magina a fuskar soro, ga aska takwas a wuyan riga, ga ƙwarya da mata ke ƙonawa da wuƙa. Ido da hannun da za su iya waɗannan, tun ana yaro a ke horar da su.

Ni kaina na tuna ranar da na zana doki da gawayi a bangon zaurenmu. Na sha bulala, aka sa ni na goge da tsumma. Ban ce ba ni da laifi ba, don bango ba nawa ba ne. Amma da an miƙo mini takarda bayan bulalar, da wataƙila hannuna ya koyi wani abu. Yara nawa ne a Birnin Kudu da Gwaram aka goge musu doki, ba su sāke zana wani ba?

Tarihi ya nuna mana wani abu a nan. Kenneth Murray, wanda ya fara shugabantar aikin adana kayan tarihi na Nijeriya a 1943, asalinsa malamin zane ne da ya zo ƙasar nan a 1927. Ya kan hana almajiransa kwaikwayon hotunan Ingila, ya ce su zana abin da su ke gani a garinsu. Cikinsu aka sami Ben Enwonwu, wanda sunansa ya zagaya duniya. A Zariya ma ana koyar da zane tun 1955, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ƙofa a buɗe ta ke, sai dai a kai yaro bakinta.

Yau ga waya a hannun kowa. Yaro na kwance a tsakar gida yana kallon katun na Amurka da Japan da Indiya, ya san sunayensu duka, amma ka tambaye shi wace ce matar Gizo sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, abin da aka ba shi ya karɓa. Hana shi kallo ba zai yi magani ba. Maganin shi ne a yi masa nasa, da harshensa, da dabbobin dajinsa. Aikin da a dā sai da ɗaki cike da masu zane, yanzu saurayi ɗaya mai haƙuri na iya fara shi da kwamfuta, ko da wayar ma. Abin da inji ba zai ba shi ba shi ne labari da idon gani, waɗannan kuwa a gida a ke samunsu.

Saboda haka, ya ku iyaye, ga abu uku masu sauƙi. In yaro ya kawo muku motar kara, ku karɓa ku duba, ku tambaye shi ina za ta. In tsohuwa na gidan, ku sa ta yi wa jikoki tatsuniya, wanda ya iya rubutu a cikinku ya rubuta, ya sa yaran su zana abin da suka ji. In kuma hanya ta bi da ku Birnin Kudu, ku nemi ma'aikatan hukumar kayan tarihi su kai ku Dutsen Habude tare da 'ya'yanku, su ga shanun nan marasa tozo, su ji amon dutse, a kuma gargaɗe su kada su taɓa zanen ko su yi rubutu a kansa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya zana shanun nan shi ma dā yaro ne, wani ya bar shi ya koya.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su amfani ƙasarsu, amin.